Yadda Ake Saƙa Safa da Hannu, Daga Baki Zuwa Yatsu

Duk wanda aka ce masa ana saƙa safa da hannu a Akara, babban birnin Gana, abu na farko da zai tambaya shi ne ina sanyin da za a saka ta, sannan ya ƙara da cewa ga safa nan jibge a kasuwannin Makola da Kantamanto a kan kuɗi kaɗan. Tambayar tana kan hanya, amma ba ta hana dattijon da ke fita sallar asuba a unguwar Nima cikin hunturun Disamba da Janairu neman abin da zai rufe ƙafarsa ba, haka ma'aikacin da ke wuni cikin rufaffen takalmi, da jaririn da aka haifa a sanyin Yuli da Agusta, da ɗan'uwan da zai koma Jamus ko Ingila ana neman tsarabar da za a ba shi. Ba kuma a ƙasashen ƙanƙara wannan sana'a ta fara barin shaida ba, domin tsofaffin safunan saƙa da suka saura a duniya a Masar aka same su, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 14, da auduga fara da shuɗiya aka yi su, wasunsu har da adon da ya ɗauko siffar rubutun Larabci. Injin saƙa safa sai a 1589 William Lee ya ƙirƙiro shi a Ingila.

Masu koyo sukan ji tsoron diddige, suna ganin a nan aikin yake tsayawa. A ganina diddige lissafi ne kawai, wanda ya bi shi a hankali zai fita. Abin da ke lalata safa tun kafin a kai can shi ne zaren da bai dace ba, da awon da aka yi da ka, da saƙa mai sako-sako, saboda haka a kansu za a fi daɗewa.

Zare da tsinke

Zaren da aka yi domin safa siriri ne, galibi kashi 75 cikin ɗari ulu, kashi 25 nailan, kuma ƙwallo mai giram 100 yakan kai tsawon mita 400, wanda ya isa safa ƙafa biyu ta babban mutum. Ulun yana tsotse gumi ba tare da ƙafa ta ji damshi ba, kuma idan an ja shi yana komawa yadda yake; nailan ɗin kuwa shi ke hana diddige saurin ɓulewa. Zarurrukan Jamus masu tambarin Regia da Opal sun yi suna a wannan fanni, don haka mai ɗan'uwa a can ya yi masa sautu, ƙwallo biyu ba za su cika masa jaka ba.

Mafi yawan zaren da ake samu a kasuwanninmu na roba ne, wato akirilik, irin wanda ake saƙa hular jarirai da shi. Yana da arha da launi mai kyau, kuma ya dace a koyi motsin hannu da shi, amma ba na ba da shawarar a yi safar da za a wuni da ita cikin takalmi da shi, domin yana riƙe zafi, ba ya shan gumi, kuma a ƙarƙashin tafin ƙafa nan da nan yake yin ƙulle-ƙulle. Auduga ta fi shi dacewa da zafin Akara, sai dai ba ta da miƙewa, idan ta saki ta saki ke nan, don haka mai aiki da ita sai ya ɗauki wata dabara da za a ambata a wajen saƙa ƙwauri.

Akwai hanya ta uku, wato warware rigar sanyi ta gwanjo. A Kantamanto ana samun rigunan ulu masu siririn zare waɗanda ba su cika samun mai saye ba saboda yanayinmu. A juya rigar a dubi ɗinkin gefe: idan an yanke yadin ne aka bi bakinsa da keken ɗinki, a ajiye ta, domin guntaye kawai za ta bayar, idan kuwa kowane ɓangare saƙa shi aka yi daban aka haɗa da zare ɗaya mai kama da sarƙa, to za ta warware tiryan-tiryan. Bayan an warware, a naɗe zaren a bayan kujera, a ɗaure shi wuri uku ko huɗu, a jiƙa shi a ruwan sanyi, a rataye a inuwa har lanƙwasar ta miƙe. Idan takardar jikin rigar ta goge, a gutsuri ɗan zare a kanga masa ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi kuma tokarsa tana murjewa a yatsa, auduga tana warin takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Kaurin zaren kuma ana gane shi ta hanyar naɗa shi a jikin rula: idan ya zagaya sau 14 ko ɗan fiye a cikin santimita 2.5, ya yi daidai da safa.

Tsinken saƙar safa gajere ne mai tsini a kai biyu, ana sayar da shi biyar-biyar, kaurinsa daga milimita 2.25 zuwa 2.75. Wanda bai samu ba yana iya zaɓar tsinken tsire na gora guda biyar masu kauri ɗaya, ya yanke su santimita 18, ya fere ɗaya kan, ya goge su da takardar goge katako har su daina kama zare, sannan ya shafa musu ɗan kakin kyandir. Ga mai koyo ma gora ta fi ƙarfe sauƙi, domin idanun saƙa ba sa sulluɓewa daga jikinta. Sai a tanadi tef ɗin awo irin na tela, da almakashi, da babbar allura marar tsini, da ɗan guntun zare mai wani launi na yin alama.

Motsin hannu da awo

Kowane madauki da ke kan tsinke shi ne ido, kuma safa gaba ɗayanta da motsi biyar ake yin ta. A saƙar gaba, zare yana bayan aiki, a soka tsinken dama cikin idon farko daga hagu zuwa dama, a naɗa zare, a jawo sabon ido, a saki tsohon. A saƙar baya, zare yana gaban aiki, a soka tsinke daga dama zuwa hagu, a naɗa, a tura sabon idon ya fita ta baya. Tsallakarwa ita ce a mayar da ido daga tsinken hagu zuwa na dama ba tare da an saƙa shi ba. Ragin dama shi ne a soki ido biyu tare a yi musu saƙar gaba, su zama ɗaya mai karkata dama. Ragin hagu kuma, a tsallakar da ido biyu ɗaya bayan ɗaya kamar za a yi musu saƙar gaba, a soka tsinken hagu ta gabansu, a saƙa su tare. Wanda hannunsa bai saba da waɗannan ba ya fara da ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu har idanunsa su daidaita.

Daga nan sai gwaji, wanda mutane da yawa ke tsallakewa saboda gaggawa. A ɗora ido 40, wato a jera madaukan farko a kan tsinke, a saƙa a zagaye har santimita 6, a wanke, a bar shi ya bushe, sannan a ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Safa tana son ido 30 zuwa 32. Idan an samu 26, saƙar ta yi sako-sako, zaren zai riƙa gogar juna a kowane taku har ya tsinke, kuma tafin ƙafa zai riƙa jin kowane ido. Sai a koma tsinke mafi siranta. A ɗaga gwajin ga hasken taga, idan ana hango haske ta cikinsa sosai, bai matsu ba.

Ƙafar mai safar ake aunawa, ba lambar takalminsa ba, kuma yana tsaye za a auna shi, domin ƙafa tana buɗewa idan nauyin jiki ya hau kanta. A zagaya tef a wurin da gaban ƙafa ya fi faɗi, wato gindin yatsu, sannan a auna tsawo daga bayan diddige zuwa ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Daga awon kewayen a cire kashi ɗaya cikin goma, saboda safa miƙewa take yi, wadda aka saƙa daidai da ƙafa kuwa cikin takalmi za ta riƙa tattarewa. Misali, kewayen santimita 22 zai koma kusan 20, kuma idan gwaji ya ba da ido 32 a santimita 10, ido 64 ke nan za a ɗora. A tabbata adadin yana rabuwa gida huɗu. Ƙaramar ƙafar mace takan tsaya a 56 ko 60, ta namiji 68 ko 72. Duk lissafin da zai biyo baya a kan 64 aka gina shi.

Baki da ƙwauri

A bar wutsiyar zare ta kusan mita ɗaya, a haɗa tsinke biyu wuri guda a ɗora idanun a kansu, sannan a zare ɗaya. Yin haka yana sa bakin ya yi sassauci, domin bakin safa dole ne ya wuce ta kan diddige, wurin da ya fi ko'ina faɗi a ƙafa, kuma bakin da ya matse yakan bar shata a ƙwauri, abin da ba a so musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga. A raba idanun 16 a kan kowane tsinke huɗu, a shimfiɗa su a kan tebur su yi kusurwa huɗu, a duba da kyau cewa gindin kowane ido yana kallon ciki. Idan layin ya murɗe ko sau ɗaya, babu gyara sai warwarewa. Da tsinke na biyar za a saƙa idon da aka fara ɗorawa, da zaren da ke fitowa daga na ƙarshe, zagaye ya haɗu.

Bakin ana yin sa ne da gaba biyu, baya biyu, har ƙarshen zagaye, a maimaita har santimita 4 ko 5. Daga nan a koma saƙar gaba zalla. Doguwar safa takan kai santimita 15 zuwa 18 kafin diddige, amma ga zafin garin nan wadda ta ɗan haura idon sawu, kamar santimita 8, ta fi amfani kuma ta fi saurin ƙarewa. Mai aiki da auduga kada ya bar gaba biyu baya biyun nan, ya ci gaba da ita har ƙwauri ya ƙare da kuma saman ƙafa, domin ita za ta maye gurbin miƙewar da zaren ba shi da ita. Yana kuma iya haɗa siririn zaren roba na ɗinki a zagayen baki. Idan aka ga wata 'yar hanya tana fitowa a inda tsinke ke haɗuwa da tsinke, a riƙa jan ido na biyu na kowane tsinke da ɗan ƙarfi, ba na farko ba.

Diddige

A tattara ido 32 a kan tsinke ɗaya, sauran 32 na saman ƙafa a bar su suna jira. Yanzu aikin ya bar zagaye, ya koma tafi-da-dawo. A layin waje, a tsallakar da ido ɗaya a saƙa ɗaya gaba, haka har ƙarshe. A juya, a tsallakar da na farko, sauran duka a yi musu saƙar baya. A maimaita layukan nan biyu har su cika 32. Tsallakarwar tana sa zare ya ninku ta ciki, wurin ya yi kauri a daidai inda bayan takalmi ke goga, kuma tana barin idanu 16 masu tsawo a kowane gefe, waɗanda za a buƙata nan gaba kaɗan. Mai tudun ƙafa sosai a ƙara masa layi huɗu, idanun gefen su zama 18.

Juyin diddige ya fi son wurin da babu surutu, don haka ba aikin cikin motar haya ta toroto ba ne. A layin waje, a tsallakar da ɗaya, a saƙa 17 gaba, a yi ragin hagu, a saƙa ɗaya, sai a juya aikin duk da cewa saura ido 11 ba a taɓa ba. A layin ciki, a tsallakar da ɗaya, a saƙa 5 baya, a haɗa biyu da saƙar baya, a saƙa ɗaya, a juya. Nan ma 11 suka rage. Idan aka duba za a ga ɗan giɓi a kowane gefe tsakanin idanun da aka saƙa da waɗanda aka bari, kuma daga nan giɓin ne jagora, ba a buƙatar ƙidaya. A kowane layi a tsallakar da na farko, a saƙa har saura ido ɗaya kafin giɓin, a haɗa shi da wanda ke bayan giɓin, a ƙara saƙa ɗaya, a juya. A layi biyu na ƙarshe ba za a sami ƙarin idon ba, haɗawar ce za ta rufe layin. Ido 18 za su rage, kuma aikin da yake shimfiɗe ɗazu zai lanƙwashe ya yi ɗan ƙoƙo wanda diddige zai zauna a ciki.

Sai a mayar da komai zagaye. A saƙa idanun 18 gaba, a bi gefen hagu a tsinto idanu 16 ɗin nan masu tsawo, ana soka tsinke ƙarƙashin kowanne ana jawo zare, a ƙara ɗaya a lungun da gefen ya haɗu da saman ƙafa, domin a nan ne rami yake yawan fitowa. A saƙa 32 na saman ƙafa a kan tsinkensu biyu, a tsinto ɗaya a ɗaya lungun, da 16 na ɗaya gefen, a ƙara da 9 daga idanun diddige. Yanzu tsinke na ɗaya da na huɗu suna da 26 kowanne, na biyu da na uku 16, kuma zagaye yana farawa daga tsakiyar diddige. A ɗaura zaren alama a nan. A zagayen ragi, a saƙa tsinke na ɗaya har saura uku, a yi ragin dama, a saƙa ɗaya. A wuce saman ƙafa ba ragi. A tsinke na huɗu a saƙa ɗaya, a yi ragin hagu, a ƙarasa. Zagayen da ke biye a saƙa shi ba ragi. Bayan zagayen ragi 10 kowane tsinke zai koma 16.

Ƙafa da yatsu

Tafin ƙafa saƙar gaba ce zalla, a ci gaba har tsawon daga bayan diddige ya rage santimita 5 ya kai awon da aka ɗauka. Idan mai safar yana kusa a zura masa ita da tsinkayen a jiki. Da zarar ta rufe ƙaramin yatsa, lokacin ragi ya yi.

Ragin yatsu ido huɗu ne a zagaye. A tsinke na ɗaya da na uku a saƙa har saura uku, a yi ragin dama, a saƙa ɗaya. A na biyu da na huɗu a saƙa ɗaya, a yi ragin hagu, a ƙarasa. A riƙa sa zagaye ɗaya marar ragi a tsakani har idanu su koma 32, daga nan a rage a kowane zagaye har su koma 16. A saƙa idanun tsinke na ɗaya a haɗe su da na huɗu, ta yadda 8 na tafin ƙafa suna tsinke ɗaya, 8 na sama suna ɗaya, zaren kuma yana gefe.

Rufewar da ta fi kyau ita ce wadda ba ta barin tudun ɗinki a kan yatsu. A yanke zare a bar santimita 30, a zura a allura, a riƙe tsinkayen biyu a jere. Da farko a ratsa idon farko na tsinken gaba kamar za a yi saƙar baya a bar shi, a ratsa na tsinken baya kamar saƙar gaba a bar shi. Daga nan taku huɗu ne ake maimaitawa: idon farko na gaba a ratsa shi kamar saƙar gaba a sauke shi, na biye a ratsa kamar saƙar baya a bar shi, idon farko na baya a ratsa kamar saƙar baya a sauke shi, na biye a ratsa kamar saƙar gaba a bar shi. Kada a ja zaren da ƙarfi tun farko, a bari sai an gama a bi ido-ido da kan allura a daidaita. Wanda wannan ta rikita shi a safar farko yana iya rage idanun zuwa 8, ya ratsa zare ta cikinsu sau biyu ya tsuke, safar za ta saku lafiya. Wutsiyoyin zare a saƙala su ta ciki cikin idanu bakwai ko takwas, ba a ƙulla su, domin ƙulli a cikin takalmi ciwo ne.

Safa ta biyu a fara ta a ranar da aka gama ta farko, ko da zagaye biyar ne, domin ɗaya tilo da aka ajiye da niyyar dawowa takan daɗe a cikin kwalla. A rubuta yawan zagayen baki, da na ƙwauri, da na tafin ƙafa a takarda, a bi ƙidayar maimakon tef, saboda safar da aka riga aka gwada ta miƙe, awonta ba zai yi daidai da sabuwa ba.

Wankin safar ulu da ruwan sanyi ake yi da sabulu marar ƙarfi, a matsa ta a tafin hannu ba tare da cuɗawa ko murɗawa ba, domin ruwan zafi da gurza suna sa gashin ulu ya cakuɗe, safar babba ta koma ta yaro kuma ba ta dawowa. A naɗe ta a tawul a danne, a shimfiɗa a inuwa inda iska ke wucewa. Da damina, lokacin da kaya ke kwana biyu a igiya ba su bushe ba, a tabbata ta bushe ƙayau kafin a adana, a sa ta cikin abin da ke rufuwa tare da ɗan kafur saboda asu. Ragowar zaren a ajiye shi, kuma a riƙa duba ƙasan diddige da gindin babban yatsa bayan wanki: idan wurin ya fara sirancewa ana hango fata, a zura zaren a allura a bi sawun kowane ido a ninka shi, a wuce wurin da ido uku ta kowane gefe.